Inda Dattijo Ya Saba Macewa

Jama'ata masu bibiyata, barkanku da war haka. Ku ma masu karantawa a ɓoye ku wuce kamar ba ku zo ba, ina ganinku, barkanku. Yau labarin wani babur na kawo muku, da wani ɗan auta, da wani guntun tamfol. Ku gyara zama. Wanda ke tuƙi ya faka tukuna.

Babur ɗin sunansa Dattijo. Baban su Auta ne ya raɗa masa, wai don ba ya gaggawa kuma ba ya son a ɗaga masa murya. Tsohon mashin ne mai zagayayyiyar fitila, tankinsa ya koɗe har ba ka iya rantsuwa ja ne ko ruwan ƙasa, salansarsa kuwa in ta yi tari sai kajin maƙwabta su watse. A kansa Baba ya ci abinci duk rayuwarsa, yana bin ƙauyuka yana gyaran injin ban-ruwa da injin niƙa. A kansa aka kai kowane ɗa na gidan makaranta. Shi Auta wurin zamansa kan tanki ne, ya riƙe madubi da hannu bibbiyu yana jin shi ke tuƙin duniya.

Da Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa, sai Dattijo ya zauna a ɗan ɗakin nan na bakin ƙofa, tare da benci da allon kayan aiki. Allon nan Baba ya zana siffar kowane ƙarfe da fenti a inda ake rataye shi, ta yadda in ka saci filaya, hotonta zai tsaya a bango yana kai ƙararka. Auta kan shiga ɗakin ya goge babur ɗin, ya tayar da shi, ya zauna yana shaƙar warin giris. Wai shi a nan yake jin kamar tsohon ya ɗan fita ne zai dawo.

To akwai Yaya, babban wansu, mai shagon kayan gini. Mutumin kirki ne, amma in ka ce Dattijo sai fuskarsa ta haɗe. Ɗakin yake so a kwashe, matarsa ta sa keken ɗinki, kuma gaskiya tana buƙata, don a tsakar gida take ɗinki rana tana dukanta. Har ya yi magana da wani mai sayen tsofaffin mashina yana farke su ya sayar da kayan ciki. Auta ya ce sai dai a farke shi tare da babur ɗin. Haka suka yi ta ja, kowa ya riƙe nasa.

Ana cikin haka Inna, mahaifiyarsu, ta ce za ta je ganin ƙanwarta a garin da ke bayan kogi, kuma a kan Dattijo za ta je. Yaya ya ce ga mota mai sanyi. Ta ce mota juwa take sa ta. Matar da ta shekara tana shiga motar nan tana barci har da minshari, yau ita ce mai juwa. Ya lallaba, ya kawo maganar gwiwarta, ya kawo maganar ramukan hanya, ta ce ta gama magana.

Sai ya ja Auta bayan gida.

"Ka kai ta. Ni sai na rufe shago zan biyo ku. In na same ku a ƙofar gidan Anti, ɗaki da babur naka ne, ba zan sake ɗaga maganar ba. In kuwa na same ku a gefen titi, to a satin nan zai bar gidan. Kuma kada Inna ta ji wannan."

Auta ya miƙa hannu suka tafa. Dama ya riga ya yi lissafinsa. Yaya ba ya rufe shago sai rana ta karkata, su kuma da hantsi za su tashi. Ko da Dattijo ya yi halinsa a hanya, akwai sarari a gyara shi a wuce kafin mota ta iso. Ke nan duk maganar ta koma kan abu ɗaya: me za a ɗauka na gyara, me za a bari.

Kuma wurin ba yawa. Kariyar baya, wato ƙarfen ɗaura kaya, jakar Inna ce za ta hau. Abin da ya rage sai Asibiti, wato wata jakar zane mai kauri da Baba ke jera ƙarafa a aljihunanta, ya naɗe ta kamar tabarma, ya ɗaure a ƙarƙashin kariya. In ka cusa mata abin da ya fi ƙarfinta ba ta naɗuwa, in ba ta naɗu ba taya za ta ci ta.

Baba yana da dokarsa a kan Asibiti, kuma Auta da ita ya tashi. Ana gobe tafiya, sai ya rufe allon bango da buhu, ya baje Asibiti a ƙasa, ya yi wa babur gyaran gaba ɗaya da abin da ke cikinta kawai. Duk abin da hannunka ya nema bai samu ba, ka ɗauko shi daga bango ka sa a ciki. Duk abin da aka gama aiki yana nan fes bai taɓa baƙin mai ba, ka fitar da shi, yawon buɗe ido ya zo. Yakan ce a gida ake lalacewa a gefen titi, inda akwai inuwa da ruwan wanke hannu.

Haka Auta ya yi da yammacin ranar. Ya rufe allo, ya tsuguna. Abokinsa Mai Faci, wanda rumfarsa ke bakin layi, ya bar aikinsa ya zo ya zauna kan benci musamman don ya sa masa ido. Shawarar farko da ya bayar ita ce a bar duk ƙarafan nan a ɗauki igiya mai ƙwari, don ita ce kaɗai kayan gyaran da Dattijo ke jin maganarta. Ta biyu kuma a rubuta lambar mai motar kwasar kaya a jikin tanki. Auta ya ce masa mutumin da facinsa ba ya kai ƙarshen layi bai kamata ya sa baki a harkar manya ba.

Ya fara da sifana lamba goma, wadda har yanzu igiyar da Baba ya ɗaura mata tana nan, don cewarsa ita ba ta da amana, kana juya baya ta bi wani. Ya cire filogi ya goge. Ya ja sarƙa da sifana lamba sha huɗu da sha bakwai, ya duba akwatin ashanan da mahaɗin sarƙa ke kwance a ciki. Da ya zo kan murfin gefe, hannunsa ya nemi ƙaramin sukundireba bai samu ba, ya ɗaga buhu ya ɗauko, ya ba shi aljihu. Ya kwance tayar baya gaba ɗaya da ƙarafan cire taya, ya mayar, ya hura da ɗan famfon hannu har gumi ya jiƙa masa riga, Mai Faci yana ƙirga masa numfashi yana dariya. Guduma ya ɗauka ya juya ta, ya tuna Baba yana cewa ita ta wanda dabara ta ƙare masa ce, ya mayar bango. Wayar ɗauri da guntun robar tsohon tib kuwa ba a ma tambayarsu, su ne rabin abin da ke riƙe da Dattijo.

Da ya gama, abu biyu suka rage fes. Wani guntun tamfol a ninke, an ɗinke masa tsohuwar atamfa a fuska ɗaya, da wani ɗan kofin silba da ya lotse a gefe. Tamfol ɗin shi kaɗai ya cinye aljihu mafi girma.

Auta ya daɗe yana kallonsu. Tun yana yaro yake ganinsu a ciki bai taɓa tambaya ba. In don baje ƙarafa ne, ai Asibiti kanta shimfiɗa ce. In don zuba fetur ne, kofin ba ya warin fetur. Mai Faci ya ce ƙila tsohon shayi yake sayarwa a ɓoye. Auta ya yi wa Baba dariya a ransa, wai ga mai doka ya karya dokarsa. Ya fitar da su ya ajiye kan benci, ya ninke sabon tib ya cusa a gurbin. Yanzu ko taya ta fashe ba sai an tsaya jiran gam ya bushe ba.

Da safe yana ɗaure jaka sai ga Inna ta leƙo ɗakin, ta sha mayafinta na fita. Idonta ya sauka kan benci.

"Wa ya fitar da wannan?"

Auta ya shiga yi mata bayanin dokar Baba, da buhu, da baƙin mai, da yadda sabon tib zai cece su. Ta bar shi ya kai aya.

"Shi ya kafa dokar, shi kuma ya sa wannan a ciki. Mayar."

"Inna, wuri ne babu."

"To ka fitar da robar."

Ya buɗe baki zai ce ɗaki da babur ne a kan robar nan, ya tuna an ce kada ta ji, ya haɗiye. Tib ya koma bango, tamfol da kofi suka koma aljihunsu. Ya shafa tayar baya ya roƙe ta arziki.

Suka kama hanya. Dattijo kuwa kamar ya san abin da ake ciki, tafiya yake lafiya lau, tuf tuf tuf, ba tari ba atishawa. Inna tana baya, hannu ɗaya a kafaɗar Auta, tana ba shi labarin hanya a kunne. Nan da gidan man nan yake, da gona ce. Nan akwai wata mata mai sayar da lemo da ta taɓa bin Baba da gudu don ya manta hularsa. Can kuma ramin da suka taɓa faɗawa, an cike shi, ya sake dawowa da 'ya'yansa. Auta yana amsawa da to, to, amma kunnensa ɗaya yana kan inji, idonsa ɗaya yana kan madubi.

Sun ci fiye da rabin tafiya sai suka hau wani tudu, a samansa akwai 'yar rumfa ana sayar da ruwa. Inna ta ce ƙishi take ji. Ya faka, ya kashe, ya bar ta tsaye jikin babur tana miƙe gwiwa, ya je ya sayo. Ta karɓa ba ta sha ba, ta ce sai an jima. Ya buga kik, Dattijo ya tashi, suka gangara. Suka haye wata 'yar gada. Suna isa gindin wani ƙaton mangwaro sai injin ya yi tari, ya ja numfashi, ya sake tari, ya yi shiru.

Jama'a, ga su a gefen titi, daidai inda Yaya ya ce.

Ya buga kik har ƙafarsa ta yi zafi. Ya tura babur gefe ya kwance Asibiti. Kafin ya gama warware ta Inna ta sa hannu ta zare tamfol da kofi, ta taka zuwa gindin bishiyar, ta share ganye da ƙafa, ta shimfiɗa, atamfa a sama. Ta zauna ta zuba ruwa a kofi. Ko a jikinta.

Shi kuwa ya cire filogi, ya jingina shi da inji ya buga, wuta ta ba da shuɗi tas. Duk da haka ya sa sabo. Shiru. Ya girgiza tanki, mai ya amsa masa a cike. Ya buɗe murfin gefe da ɗan sukundireban nan, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya hure matatar iska. Duk motar da ta taso daga kan tudu sai ya ɗaga kai. Ƙarafan da ya zaɓa jiya da gumi duk sun fito sun baje a ƙasa, kowanne ya yi aikinsa, Dattijo ko gezau.

Can ya kwanta ya sassauta ɗan nocin da ke gindin kafireto don ya ga ko datti ne. Ko ɗigo bai fito ba. Ya bi tiyo da yatsa zuwa sama, har ya kai ɗan makullin mai da ke ƙarƙashin tanki.

A rufe yake.

Shi da hannunsa ya buɗe shi da safe, in ba haka ba ai ko layinsu ba za su fita ba. Kuma makullin nan tauri gare shi, ba ya juyawa don iska. Ya ɗago a hankali ya dubi gindin mangwaro. Inna tana kallon kogi, amma gefen bakinta yana motsi.

"Inna."

"Ka daɗe. Da Babanka ne, da ya ce ka fara da mai."

Ya taso da baƙin mai har gwiwar hannu ya tsaya a kanta. Ita kuwa ta ba shi labarin ba tare da ta dube shi ba. Ta ce lokacin gidan cike yake, ga yara, ga kakarsu, ga masu koyon aiki, ga baƙin da ke zuwa kwana biyu su yi wata. Ita da Baba sai su yi sati ba su gama jimla ɗaya ba wani bai shigo ba. Ran da ya fara kawo ta ta hanyar nan babur ya mace a nan, hankalinta ya tashi, shi kuma ya baje ƙarafa ya haɗe rai kamar gaske. Sai da abin ya maimaitu ta lura kullum a gindin bishiya ɗaya ake macewa, shi kuma sifana ɗaya yake ta gogewa yana mata hira. Ashe a kan tudu yake rufe mai, ɗan abin da ya rage a kafireto shi ke gangaro da su, ya haye gada, ya ƙare daidai inuwa. Ba ta nuna ta gane ba. Ita dai ta ga tamfol ɗin yana cin mata zane, ta ɗinke masa atamfa. Daga baya in ya manta, ita take rufewa.

Ta ce a nan suka yanke shawarar sayen filin da suka gina gidan. A nan suka yi faɗan da ya fi kowanne, suka shirya kafin ruwan kofi ya ƙare. A nan kuma ya fara gaya mata abin da likita ya ce.

Auta ya tuna yammacin da iyayensa suke dawowa a makare, Baba yana shigowa yana zagin babur, yana cewa wannan tsohon zai kashe shi. Sai yanzu ya tuna hannun Baba fes yake dawowa. Ya kuma tuna Yaya, yana ɗan saurayi, tsaye a bakin ƙofa da ƙanne suna masa kukan yunwa, yana leƙen hanya yana cewa in ya girma sai ya ƙona mashin ɗin nan.

Ya dubi rana. Ta karkata. Yanzu haka Yaya ya rufe shago. Aikin da ya rage bai fi a murɗa makulli, a tattara ƙarafa, a buga kik ɗaya ba. Gidan Anti ba nisa.

"Inna, mu tafi ko?"

"Bari in ɗan ƙara zama. Ba na jin zan sake zuwa nan."

Ta matsa gefe ta bar masa rabin tamfol. Atamfar wajen ta fi koɗewa, har zaren ya fito, wurin zaman mutum ɗaya ne da ya daɗe yana zama. Auta ya dubi tudu, ya dubi babur, ya dubi wurin. Kalma ɗaya zai faɗa ta miƙe, ya sani. Ya goge hannunsa a wando ya zauna. Ta miƙa masa kofi ya sha.

"Kada ka gaya wa 'yan'uwanka," in ji ta. "Kai ma don ka kama ni ne."

Suka zauna. Ruwa yana wucewa ƙarƙashin gada, wani mangwaro ɗanye ya faɗo kusa da sifana lamba goma. Inna ta ɗan rufe ido, fuskarta ta saki irin sakin da Auta bai gani ba tun rasuwar. Yana jin ƙarar motar Yaya tun daga kan tudu, ya san ta kamar muryar mai ita, bai motsa ba.

Yaya ya faka ya fito. Ya dubi murfin gefe a ƙasa, ya dubi ƙarafa a baje, ya dubi mahaifiyarsa zaune a gefen titi. Bai yi dariya ba, bai ce na faɗa ba. Ya dai tambayi Inna ko lafiya take, ta ce ras. Sannan ya juyo.

"Me ya lalace?"

Makullin yana nan, taku biyu daga inda suke. Auta zai iya nunawa da yatsa ya ce babur lafiyarsa ƙalau, ga wadda ta rufe. Inna tana ninke tamfol a hankali, kusurwa kan kusurwa.

"Filogi ne," in ji Auta.

Yaya ya gyaɗa kai, ya kwance jakar Inna ya sa a mota. Ita kuma kafin ta shiga ta miƙa wa Auta tamfol da kofi ta ce a mayar inda suke. Juwar mota ba ta sake tasowa ba. Auta ya tsaya har suka ɓace, ya tattara ƙarafa kowanne a aljihunsa, ya murɗa makulli, ya ɗan jira. Kik ɗaya Dattijo ya tashi.

A satin mai sayen mashina ya zo. Shi ma kik ɗaya ya buga, ya tsaya yana kallon 'yan gidan kamar yana son ya tambayi me ya haɗa su da lafiyayyen babur. Yaya ya gaya wa Inna sun daidaita ne da Auta, tunda abin ya fara ajiye mutane a hanya. Ta shafa tankin ta ce ya sha aiki, ta koma ciki. Auta ya cire Asibiti kafin a fita da shi. Ɗakin yanzu keken ɗinki ke kuka a ciki, amma matar Yaya ta hana a yi wa bango fenti, hotunan filaya da sifana suna nan a saman kanta.

Auta ya yi aure bara, ya sayi sabon mashin dal. Kwanan nan Mai Faci yake min ƙorafi wai kayan yanzu ba su da ƙwari, mashin ko shekara bai yi ba amma duk ran da Auta ya ɗauki amarya zuwa bayan kogi sai ya mace musu a hanya. Na ce masa Allah ya kyauta.

To ku fa? Ga makulli taku biyu, ga Yaya yana jiran amsa, ga Inna tana ninke tamfol. Da kai ne Auta, ko da ke ce, filogi za a ce ko yatsa za a nuna? Ku ajiye min amsa a ƙasa, har ku masu wucewa a ɓoye.